Daren Madawa: yadda fizibil na dala 20 ya kwanar da mu a hanya



Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram ya san Madawa, amma galibi sani ne na tagar mota: a tsaya a yi salla, a sha shayi, mata su taya tabarma, direba ya kira mutane a wuce. Ni ma shekara da shekaru hakanan nake ratsa garin, ban taɓa kwana cikinsa ba sai a bazarar da ta wuce. Abin da ya kwanar da ni bai kai girman farcen babban yatsa ba, kuma dala 20 ake saida shi bakin tasha.

Mun taso daga Yamai bayan sallar asuba cikin motar wani aminina ɗan kasuwar Maraɗi, wanda zan riƙa kira Alhaji kamar yadda kowa ke kiransa. Motar Toyota Hilux ce mai ƙofa huɗu, ta sha aiki hannun mutum biyu ko uku kafin ta zo hannunsa. Mu huɗu ne ciki: Alhaji, da direbansa, wani saurayi mai hannu da zafin nama, da yaron mota, sai ni da na samu hutun ƴan kwanaki daga wurin aiki. A baya akwai katan-katan na kayan shago da galan biyu na isansi, domin tun ƙarancin mai da anka yi a watan Maris na 2025 Alhaji ya ɗauki alkawari ba ya ƙara hawa doguwar hanya sai da guzurin mai. Mai karatu ya riƙe zancen galan ɗin nan, za mu komo kansa.

Dosso da Dogon Dutsi mun wuce su ba labari. Mun yi azahar a Birnin Ƙwanni, kilomita 400 da ƴan kai daga Yamai, munka daɗe a can fiye da yadda ya kamata, zaman Alhaji yana da mutanen gani a kowane lungu na kasuwa. Munka wuce mararrabar Tsarnawa inda hanyar Tawa da Agadas ke rabuwa, munka hango masana'antar siminti ta Malbaza cikin ƙurarta, la'asar sakaliya munka sauka Galmi. Wanda bai ga Galmi lokacin girbin albasa ba bai ga kasuwa ba. Buhuna jere bakin gudron har iya ganin ido, kowane an ɗinke masa baki da hula, ga manyan motoci masu lambar Gana da Kodibuwa suna jiran lodi, ga ƙamshin albasar nan mai launin shuɗi-ja da ta kai sunan wannan ɗan gari har Abija da Akara. Alhaji ya ce zai taya kawai don ya ji farashi. Kafin a jima an ɗora mana buhu 8, kuma buhun Galmi ba wasa ba ne, kowane ya ɗara kilo 100. Bayan motar ya zauna kamar raƙumin da anka gurfanar.

Mun bar Galmi rana na shirin faɗuwa. Direba ya kunna fitilu, munka yi tafiyar kamar minti goma, sai munka faɗa wani rami da ba a gani ba. Nan take hasken tablo ya ɗauke. Fitilun gaba na nan suna haska hanya, inji na aiki lafiya, har Alhaji ya ce a ci gaba, ai ba da tablo ake ganin hanya ba. Yaron mota ne ya leƙa ya ce baya ma duhu ne ƙirin. A nan ne hankalina ya tashi, don kuwa mota mai nauyi, mai tafiyar hawainiya, ba ja ko ɗaya a bayanta, a kan hanyar da tireloli da manyan motocin fasinja ke gudu da dare, ba ta da maraba da jakin da ya kwanta tsakiyar gudron.

Direba ya buɗe ɗan akwatin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya haska da salula, ya zaro wani jan fizibil da ɗan ƙarfen cikinsa ya tsinke. Yana da guda biyu na ajiya. Ya sa na farko, fitilu sunka komo, munka yi murna, ramin gaba ya cinye shi. Ya sa na biyu, bai yi kilomita 2 ba. Sai ya ce: «Alhaji, waɗanga fizibil na yanzu ba su da ƙarfi, bari in yi mata dabarar tasha.» Ya samo takardar azurfa ta cikin kwalin taba, ya naɗe mataccen fizibil da ita, ya cusa. Fitilu sunka kama, munka faɗa rami biyu, uku, ba su mutu ba. Alhaji ya yaba masa. Ni ma, in faɗi gaskiya, na yaba masa cikin zuciyata.

Ban san ko minti nawa munka yi ba sa'ad da na ji wani wari kamar ana ƙona leda. Na zaci daga gonaki ne, sai na ga hasken tablo na rawa, yana dushewa yana komowa, wani siririn hayaƙi kuma yana tasowa ta wajen ƙafar direba. Ban taɓa ganin Alhaji ya fita mota da irin wannan sauri ba. Direba ya kashe fitilu, ya buɗe gaban mota, ya kwance kan batir da hannu na makyarkyata, mu kuma munka ja galan biyun nan munka kai su can cikin gona. Tukunyar kashe wuta da ke bayan kujera, wadda ake nuna wa jandarmomi a shinge, da anka matsa ta ko tari ba ta yi ba. Allah ya taƙaita, hayaƙin ya tsaya da kansa. Anka zare takardar taba, anka maida kan batir, munka kunna fitilun gefe masu ƙyaftawa, yaron mota ya hau kan albasa yana riƙe da tocila da anka rufe wa baki da jar leda. Da haka munka rarrafa sauran hanyar, munka shiga Madawa bayan isha'i.

Mun kwana bakin tasha bisa tabarmin aro, su Alhaji sun yi barci, ni kuwa na kwana ina sauraren garin. Madawa tana cikin kwarin Tarka, ƙasar rijiyoyi marasa zurfi da garake, shi ya sa ko da tsakar bazara iskar asubarta ke da ɗan sanyi da ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya. Tun kafin kiran salla amalanken shanu ke shigowa da albasa. Da gari ya waye sai na ga abin da tagar mota ba ta taɓa nuna mini ba: mata da ƴan mata ɗauke da naɗin tabarmin kaba masu zanen ja da baƙi da kore, waɗanda ake kai wa amare, masu ɗinkin buhu, masu motocin Buza da na Bangi suna kiran fasinja. Mai shayi, da ya ji labarinmu, bai bari munka ƙare ba ya ce: «Ku bi bayan masu walda, ku tambayi tsoho mai kuran. In kun iske shi yana aiki kada ku gaggauta shi, ba ya so.»

Garajin nasa rumfar kwano ce ƙarƙashin wani babban bedi. Ba rami, ba injin ɗaga mota, ba baƙin mai a ƙasa irin na makanikai. Abin da ke akwai shi ne wayoyi: damin wayoyin matattun motoci rataye jikin rassa kamar saƙar kabewa, tsofaffin batura jere, gwangwanayen madara cike da fizibil da ƙwayayen fitila, kowane iri da gwangwaninsa. Tsohon ya ba shekara 60 baya, siriri ne, da tabarau ɗaure da zare. Daga baya ya ba ni labari cewa yana saurayi ya bi motar albasa zuwa Kumasi a matsayin yaron mota, ya maƙale a Suwame, unguwar garajojin nan da babu irinta a yankinmu, ya shekara tara yana koyon wutar mota. Shi ya sa kowane abu sunansa biyu ne a bakinsa, na Gana da na gida, in ya ce fiyus sai ya waiwayo ya ce fizibil don mu gane.

Ya fi minti goma bai taɓa motar ba, tambaya kawai yake yi, kamar alƙali. Yaushe ta fara? Wace fitila ta mutu, wace ta rage? A tsaye take kashewa ko sai ana tafiya? An yi ruwa? An wanke ta? An sa mata sabuwar rediyo ko wata fitilar ado? Jiya da safe da kaya nawa ta taso, da yamma kuma da nawa? Wa ya taɓa ƙarƙashinta kwanan nan? A kan wannan ta ƙarshe Alhaji ya tuna cewa wata biyu da sunka wuce an yi mata walda a mariƙin lam na baya, wajen hagu. Tsoho ya gyaɗa kai. Sannan ya dubi direba ya ce: «Yaro, da fizibil ya ƙare mi ka sa mata?» Direba ya sunkuyar da kai ya ce: «Baba, takardar taba.» Tsoho ya ce: «Na ji warinta tun kuna shigowa. Mai gadi ya yi maka kuwwa sau uku ɓarawo na cikin gida, kai kuma ka kama mai gadin ka ɗaure masa baki.»

Da ya ga ina rubutu a ɗan littafina, ya ce: «Mushe, matso, ku ne masu son a yi muku lissafi.» Bayanin da ya yi mini da tsinke a ƙasa, ga shi gwargwadon yadda na fahimta. Batirin mota irin tamu bolt 12 ne, yana da kai biyu. Daga kan da ke da alamar tarawa kuran ke fita, ya bi fizibil, ya bi makunni, ya bi waya har ƙwan fitila. Hanyar komowarsa kuwa jikin motar ne da kansa, domin ɗaya kan batirin an ɗaure shi da ƙarfen mota, shi ne abin da masu garaji ke kira mas. Ke nan duk inda ka taɓa ƙarfe a jikin mota ka taɓa hanyar komowa gida. Ƙwan fitila shi ne ƙunci a wannan zagaye, shi ke tauye kuran ya hana shi kwarara. Ƙananan fitilun baya wat 5 ne kowace, in ka haɗa su da ƴan uwansu na gaba da ta lamba da na tablo, duka abin da suke ja bai wuce amper 3 ba, shi ya sa anka tsare layinsu da fizibil na amper 10. To ranar da rigar waya ta yage, tagullarta ta taɓa ƙarfe kafin ta kai ga ƙwai, kuran ya samu yanke, ba abin da ke tauye shi. Wannan shi ne kur-sirkwi. Batirin da ke iya ba demarer amper ɗari da ɗoriya don ya juya inji, shi ne zai juye ƙarfinsa cikin waya mai kaurin tsinken tsintsiya. Fizibil an yi shi da gangan ya zama mafi rauni a layin, don ya narke cikin ƙiftawar ido kafin wayar ta yi zafi. In ka maye gurbinsa da abin da ba ya narkewa, wayar ce za ta zama fizibil, tun daga tablo har baya.

Na tuna an karanta mana wannan a lakwal da sunan dokar Ohm, Bajamushen da ya wallafa ta a 1827, mun hardace ta mun ci jarrabawa, amma sai ƙarƙashin bedin nan na ga abin da take nufi.

Ya juye mini gwangwani guda a tafin hannu ya nuna mini cewa launin fizibil ba ado ba ne. Ja amper 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30, haka yake ko motar Japan ce ko ta Faransa, muddin irin mai ƙafa biyu ne. Ya ce wanda ya ciro ja ya sa kore ɗan uwan mai takardar taba ne, bambancinsu shi ne nasa ya fi kyan gani.

Daga nan ya shiga aiki. Ya duba sauran fizibil ɗaya bayan ɗaya da ƴar fitilar gwaji, sai ga na birki shi ma ya mutu. Ashe tun daren jiya ko direba ya taka birki ba abin da ke kamawa a baya, ba mu sani ba. Ya ɗauko kayan aikinsa mafi daraja, wanda in ka gan shi a bola ba za ka duƙa ba: tsohon ƙwan fitilar gaba mai wat 55 da anka liƙa wa waya biyu. Ya cusa bakin wayoyin a gurbin jan fizibil, ya rataye ƙwan jikin madubi inda zai riƙa hango shi ko yana ƙarƙashin mota. Hikimar abin ita ce ƙwan ba ya barin abin da ya kai amper 5 ya wuce, saboda haka ko waya ta taɓa ƙarfe ba abin da zai ƙone. In layi lafiya yake, ƙwan zai yi ja-ja kamar garwashi, don yana raba ƙarfi da sauran fitilu. In akwai yanke, duk bolt 12 za su faɗo kansa ya haske fau. Ya ce da wannan yake neman laifi ba tare da ya ƙona fizibil ko ɗaya ba, yayin da wasu ke ƙona kwali guda suna canke.

Anka kunna. Ƙwai ya yi ja-ja, fitilun baya sunka kama dishi-dishi. Direba ya ce: «Ka gani, Baba, ta warke da kanta.» Tsoho bai tanka ba, ya kira almajiransa uku ya ce su hau kan albasa su yi tsalle tare. Tsalle na farko ba komi. A na biyu, da bayan motar ya nutsa, ƙwan nan ya walƙa kamar an ɗauki hoto. Sunka sake, ya sake walƙawa. Ga ramin daren jiya an kawo shi cikin garaji.

Sauran aikin rarrabewa ce, kuma nan ne na ga haƙurin mutumin. Layin ƙananan fitilu ya yi rassa: reshe ya tafi gaba, reshe ya shiga tablo, reshe ya bi shasi zuwa baya. Bai ce tunda an yi walda a baya to can ne ba, ko da yake na tabbata zuciyarsa ta ba shi. Ya cire mahaɗar fitilun gaba, yara sunka yi tsalle, ƙwai ya walƙa: gaba ba ta da laifi. Ya cire mahaɗar da ke ƙarƙashin kabin, wadda ke kai wuta baya, yara sunka yi ta tsalle har sunka gaji, ƙwai bai motsa ba: laifi na bayan wannan mahaɗa. Ya maida ta, ya je can ƙarshe ya cire fitilun baya da ta lamba gaba ɗaya, ƙwai ya walƙa: ke nan ba cikin fitilun ba ne, yana tsakani. Motar da ke da ɗaruruwan mitoci na waya, cikin rabin awa ya tsuke zargi ya komo kan abin da bai wuce taku huɗu ba. Sai a lokacin ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi, yana bin damin waya da yatsa, taƙi bayan taƙi, yana murzawa yana kallon madubi.

Ya kira mu mu duƙa mu gani. Mai walda, don kada wutarsa ta ƙona damin, ya ɓalle shi daga maƙalansa ya ture shi gefe, abin da ya dace ya yi. Da ya gama sai ya manta bai maida shi ba. Damin ya zauna tsakanin shasi da kan lam. Muddin motar ba ta da nauyi akwai tazara, sai dai ɗan gogawa da ke cin rigar a hankali. Wata biyu ana haka. Da albasar Galmi ta danne lam, kowane rami sai ƙarfe ya cije damin kamar awartaki. Wurin da tagulla ta bayyana bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, ga ɗan baƙin tabo a jikin shasi inda take tartsatsi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da a ce nan abin ya tsaya, aikin minti goma ne. Amma da tsoho ya farke naɗin damin da reza, sai ga aikin takardar taba. Wayar ƙananan fitilu ta yi zafi har rigarta ta narke ta manne da maƙwabtanta, a wuri biyu tagullarta ta haɗu da ta birki. Abin da ya kashe fizibil na birki ke nan. Don ya nuna wa direba, ya maida ƙwan gwaji gurbin na birki ya ce ya taka: sai ga fitilun tablo suna kamawa. Mahaɗar ƙarƙashin kabin ta narke gefe guda, gurbin fizibil ɗin kansa ya yi baƙi. Kuma damin nan, a kan hanyarsa ta zuwa baya, yana bi ta kusa da tankin mai. Ba wanda ya ce uffan. Alhaji ya ciro carbi.

Da hankali ya komo sai ɗan kasuwa ya farka. Alhaji ya ce: «Malam, albasa ba ta son rana, kuma gobe ina da masu jira. A naɗe da sikoci mu kai Maraɗi, can a yi mai dalili.» Tsoho ya ce: «Alhaji, sikoci na nan wajen mai tebur, yaronka ya iya naɗi. Ni in na taɓa, sai na ƙare.» Ya koma kan bencinsa ya ɗauki shayinsa. Na daɗe ina hulɗa da masu sana'a, kaɗan na gani da ke iya juya wa kuɗi baya da sanyin safiya. Alhaji ya yi dariya ya ce a yi, ya sa anka sauke albasa inuwa.

Kafin ya sa almakashi ya kwance kan batir, kuma ya fara da na mas. Dalili: in ka fara da ɗayan, maɓallin da ke hannunka ya kuskure ya taɓa jikin mota, ka yi kur-sirkwi mafi muni, wanda ba fizibil a gabansa. Ya zaro wayoyi daga damin wata matacciyar Toyota, masu kauri daidai da waɗanda sunka ƙone, ya ƙi wata sabuwa ƙal da yaro ya sayo don ya kankare ta ya ga farin ƙarfe ne anka shafa wa ruwan tagulla. Ya canza waya uku tun daga kabin har baya. Kowane haɗi ya murɗa shi, ya zuba masa dalma, ya zura masa ƴar rigar roba da ke tsukewa in ta ji wuta, kuma bai jera haɗin wuri guda ba, ya saɓa su don kada su gogi juna. Ya naɗe damin, ya sa masa tsohuwar robar cikin taya a duk inda zai ratsa bakin ƙarfe, ya ɗaure shi can sama nesa da lam.

Yana aiki muna hira. Ya ce a ƙasarmu abin da ke cin waya sananne ne. Zafi na busar da rigarta har ta riƙa karyewa kamar taliya, gargadar hanya na goga ta da ƙarfe, da damina ruwa na shiga mazaunin ƙwai. Motocin masu hatsi kuwa ɓeraye ne ke bin gero su ƙare da waya. Amma a ganinsa duk waɗannan ba su kai hannun mutum ba: mai sa rediyo da ya bar waya tsirara bayan tablo, mai ɗaura lamba da ya huda dami da kusa, mai ƙara fitilu da ya ja wuta kai tsaye daga batir ba fizibil. Ya ce zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda anka yi ta haɗawa a Kaduna tun 1975, fizibil ɗin mota bai kai yatsun hannu biyu ba, ana gwada waya da ƙyasta ta jikin ƙarfe a ga tartsatsi. Motocin yanzu akwatin fizibil biyu ko uku gare su, da kwamfuta mai tafiyar da inji, wadda tartsatsi guda ke iya kashewa, kuɗinta kuwa ya fi na duk aikin da yake yi cikin wata. Mahaɗa masu launin rawaya na jakar iskar nan ce mai fashewa lokacin hatsari, ya hana yaransa kusantar su da fitilar gwaji.

Muna nan wani ma'aikaci ya zo da ƙaramar mota ana turo ta. Batir biyu ya saya cikin wata huɗu, kowace safiya sai turi. Tsoho ya kashe komi, ya rufe ƙofofi, ya sa ma'aunin kuran tsakanin kan batir na mas da wayarsa. Ya ce motar da ke barci bai kamata ta riƙa jan fiye da kashi 5 cikin 100 na amper guda ba, wannan kuwa tana jan kusan rabin amper. Yaro ya riƙa zare fizibil ɗaya ɗaya har lambar ta faɗi, anka bi layin, sai ga ƴar fitilar cikin but da makunninta ya lalace, tana ci dare da rana cikin duhu ba mai ganinta. Na tuna motocin da ke kwance bisa duwatsu a farfajiyar ma'aikatunmu, an rubuta musu takardar mutuwa, na tambayi kaina nawa ne cikinsu ciwonsu bai fi wannan ba.

Azahar ta yi anka maida albasa. Tsoho bai sa fizibil ba tukuna, ya bar ƙwansa a gurbi, yara sunka hau sunka yi tsalle har Alhaji ya ce a tausaya wa hajarsa. Ƙwai ya tsaya ja-ja. Sannan ya zaɓo ja guda da na birki daga cikin waɗanda ya ciro a tsofaffin motoci, ya ce ya fi amincewa da su bisa na leda masu arha, don ya sha ganin wanda anka rubuta wa 10 ya ƙi narkewa har robarsa ta zube. Ya ta da inji ya auna batir, ma'auni ya nuna bolt 14 da ɗan kai, alamar dinamo na caji yadda ya kamata. Ya ba direba fizibil huɗu na ajiya, ya ce in ɗaya ya mutu ya canza sau guda, in na biyu ya bi shi ya bar gurbin wayam ya nemi gari mafi kusa.

Ya yanke kuɗin aiki da kaya jika 9. Alhaji, wanda ban taɓa ganin ya biya farashin farko ba ko a wajen mai goro, ya ƙirga ya miƙa, ya kuma sa yaron mota ya farke buhu ya cika wa almajirai kwano. Ni na sayi tabarma biyu hannun wata tsohuwa da ta zauna tana kallonmu tun safe. Mun bar Madawa da la'asar, galan biyun nan kuwa an juye su cikin tanki da na mai shayi, Alhaji ya ce ya warware alkawari. Magariba ta iske mu bayan Gidan Rumji. Direba ya kunna fitilu, ya rage gudu, ya ce wa yaron mota ya leƙa baya. Yaro ya leƙa ya ce duka biyu suna ci.